Motar da Ke Sunkuyar da Kai

Jiya ban runtsa ba, jama'a, kuma ba sauro ne ya hana ni ba, ba zafi ba. Wani ɗan kwali ne da na ajiye a kan teburina, tsakanin littattafan ɗalibai da ban gama dubawa ba da kofin shayin da na manta ban wanke ba. A cikinsa akwai ƙwai biyu na fitilar mota, farare, irin na yayi, waɗanda idan aka kunna maka su a fuska sai ka manta sunan unguwarku. A jikin kwalin an zana wani titi da ya haskaka har ƙarshen duniya, babu mutum ko ɗaya a kansa. Na daɗe ina kallon zanen nan. Tambayar da ta hana ni barci gajeriya ce: in sa su a motata, ko kada in sa?

Na san za a ce wannan ba abin damuwa ba ne ga mutumin da ya saba wuni a layin mai ya dawo da tanki kamar yadda ya tafi da shi. Ina roƙon a yi haƙuri a ji yadda kwalin ya shigo ɗakina.

Shekaranjiya wani taron malamai ya tsayar da ni, ban baro makarantar da nake koyarwa ba sai da duhu ya fara. Karatun injiniya na yi a jami'a, amma da yake ba a buƙatar injiniyoyi sai ranar bikin yaye su, yanzu ina koya wa yara cewa haske a miƙe yake tafiya. Motata ƙarama ce, tsohuwa, yayata ce ta bar mini ita. Fitilunta rawaya ne, masu sanyi, kullum suna kallon ƙasa kamar mai neman aure a gaban iyayen yarinya. Ina kan babban titin da ke shiga unguwarmu sai ga ayarin wani babban mutum. Ban san ko wane ne ba, kuma ba na neman sani, domin ina son aikina. Jif ce ke bin jif, fitilun kowace daidai tsayin fuskata, ga kuma wata doguwar sandar fitilu an gicciya a rufin ta gaba. Na yi abin da ladabin hanya ya koyar: na ɗaga fitilata na sauke, wato roƙon da direbobi ke yi wa juna cewa a taimaka a rage. Amsar da na samu ita ce an ƙara. Ashe ma ba su kunna duka ba. Duniya ta zama fari fat, babu titi, babu gefe, babu ni. Na karkata sitiyari don in ba manya hanya, sai na ji ƙum.

Turken fitilar titi na buge. Ban ji ciwo ba, sai dai fitilata guda ta tarwatse, shi kuma turken ya ɗan rusuna.

Turakun nan suna da tarihi, kuma wajibi ne a faɗe shi saboda 'yan baya. Shekarun baya kaɗan aka jera su a gefen titin, dogaye, kyawawa, kowanne da farantin zuƙar hasken rana a kansa. Ranar ƙaddamarwa aka kafa rumfuna, aka kawo kujeru masu riga, aka kwaso yaran makaranta, har da nawa, aka shanya su a bakin hanya. Mai Girma Ma'abocin Almakashi, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya iso da tsakar rana, lokacin da inuwar mutum take ƙarƙashin ƙafarsa. Ya yanke ƙyalle, ya danna wani jan maɓalli da aka manna a jikin akwati, mai sanarwa ya ɗaga murya ya ce, “Jama'a, kun ga haske?” Muka duba gabas, muka duba yamma, wallahi ko'ina haske. Muka tafa. Ni ma na tafa da zuciya ɗaya, domin ban taɓa ganin aikin hukuma da ya kama nan take irin wannan ba. Har cikin gonaki hasken ya kai. Sai da rana ta faɗi muka fahimci cewa kwangilar ba ta haɗa da dare ba.

Tun daga ranar babu turken da ya taɓa ƙyafta ido. Wasu sun ce batiran suna kan hanya. Wasu sun ce sun iso, amma suna hutawa a gidajen waɗanda suka sha wahalar kawo su. Ni ba na shiga zancen da ban gani ba, kuma a titin nan babu abin da ake gani.

Abin da ya burge ni a daren shi ne zafin naman hukuma. Mun yi shekaru muna neman wanda za mu gaya wa cewa fitilu ba sa ci, ba mu same shi ba. Amma kafin in gama tsince gilashin fitilata, sai ga wani mutum a kan babur, sanye da riga mai ƙyalli, yana haska ni da wayarsa.

“Malam, ka san abin da ka buge?”

“Turke ne, ranka ya daɗe.”

“Hasken al'umma ka buge. Gobe da safe ka zo ofis.”

Na je. Ofishin Kwamitin Kula da Hasken Hanya yana hawa na sama, kuma a can na gano inda hasken garin nan ya tare. Hantsi ne, labule a buɗe, amma kowace fitila a kunne take, har da ta cikin kabad ɗin kofunan yabo. Babban Jami'i, Allah ya ja zamaninsa a kan kujerar nan mai juyawa, ya dube ni ta saman tabarau.

“Kai ne ka karya mana haske?”

“Ban karya ba, Yallaɓai, lanƙwasa shi na yi kaɗan.”

“Me ya hana ka ganinsa?”

“Duhu, Yallaɓai.”

Ya jingina da baya, ya yi murmushin wanda ya kama ɗalibi da satar amsa. “Malam, an ƙaddamar da haske a titin nan. Ina wurin. Akwai hotuna. Duhun da ka gani ba na hukuma ba ne.”

Na ce to, ban da duhun ma, akwai motocin da suka kashe mini ido. Ya tambayi lambarsu. Na ce ban gani ba, domin sun kashe mini ido. Ya ce to ai ka ga ba ka da shaida. Sannan ya tunatar da ni, cikin tausayawa, cewa kwamitinsu bai yi wasa da batun fitilun mota ba: sun yi taron wayar da kai a babban otal, an raba huluna da riguna, kuma jami'ansu suna tare hanya kullum suna duba fitilu. Wannan gaskiya ne, an sha tare ni. Da rana ake tarewa. A ce ka kunna, ka kunna, jami'i ya kāre gilashin da tafin hannunsa ya leƙa, idan ya ga ta kama ya ce ka wuce. Ko tana kallon titi, ko tana kallon idon jama'a, ko tana neman wata a sama, wannan tsakaninka ne da Mahaliccinka.

A ƙarshe aka sallame ni da albishir cewa za a kafa ƙaramin kwamiti da zai binciko ko turken ya rusuna ne kafin in buge shi ko bayan na buge shi. Za a neme ni.

Daga nan na wuce wurin Walƙiya, mai gyaran wutar mota da ke bakin kasuwa. Mutum ne mai fara'a, da sukurdireba a bayan kunne, kuma a iya sanina shi kaɗai ne hukumar hasken da ke aiki a garin nan. Ya zagaya motar, ya tsaya a gaban fasasshiyar fitilar yana girgiza kai.

“Sannu da arziki, Malam. Wa ya tsone mata ido?”

“Manya ne suka haska ni, hukuma ta tare ni.”

“To manya ba a rama musu. Amma ana rama wa na ƙasa da su.” Ya shiga shago ya fito da kwalin nan. “Wannan sunansa Rana-Tsaka. Ka sa shi yau, gobe babbar mota ma sai ta rage maka wuta. Waɗannan naka masu kama da aci-balbal, wa zai ji tsoronsu?”

Na yi ƙoƙarin yi masa bayani, domin wannan kaɗai ne abin da karatuna ya bar mini. Na ce masa gidan fitilar mota madubi ne da aka ƙera da lissafi. An lanƙwasa shi ne daidai da ɗan siririn zaren da ke cikin ƙwan asali, ta yadda zai tattara hasken ya zuba shi a kan titi, ya yanke shi daga sama a miƙe kamar an sa wuƙa, don kada ya hau fuskar mai tahowa. Idan aka cusa wani ƙwai dabam, wanda haskensa ke fita ta inda madubin bai sani ba, sai hasken ya watse ko'ina. Mai motar ya ga fari a gabansa ya ɗauka gani yake yi, alhali bishiyoyi da idanun mutane yake haskawa.

Walƙiya ya saurare ni har ƙarshe, kamar yadda ɗalibaina ke yi idan an kusa tashi.

“Malam, wannan duk a allo ne. A titi, wanda ya fi wuta shi ke da hanya.”

“Wanda ke tahowa fa, yaya zai yi?”

“Shi ma ya zo ya saya. Ina nan har yamma.”

Na yi dariya, amma na karɓi kwalin. Ban yarda ya sa nan take ba, na ce sai na kwana da shawara. Na lallaɓa da motar gida tun da sauran rana, da ido ɗaya, don kada duhu ya same ni wani ya ɗauka babur ne ya zo ya ratsa ta tsakiyata.

Inna na tsakar gida tana ninke wanki. Tun daren da abin ya faru ta hana ni gaya wa Baba, wai kada hankalinsa ya tashi. Da ta ga kwalin ta tambaya, na yi mata bayani, na kuma fara kawo mata batun madubi da zare.

“Ni ban san madubi ba,” in ji ta. “Na san jiya saura kaɗan a kawo mini kai a kwance. Kowa ya sa abin nan. Ɗan tasin gidan can ya sa, mijin yayarka ya sa. Kai kaɗai ne za ka zama na kirki a titin da babu na kirki?”

“Inna, idan kowa ya sa, ai kowa ya makance.”

“To ka makance tare da su kana da rai, ya fi mini.”

Uwa ce take magana, kuma ba lissafi take yi ba.

Shi ya sa na kwana ina juyi. Ina ta tunanin waɗancan bayin Allah na ƙasashen da ake ƙera motoci, waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kan fitila. Sun yi wadda ke juyawa tare da sitiyari don ta leƙa maka kwana kafin ka isa. Sun yi wadda idan ta hango mota na tahowa take sauke kanta da kanta. Sun yi jar fitilar baya da ke gaya wa na bayanka cewa ka taka birki. Duk wahalar nan a kan abu biyu ce: ka gani, a gan ka, ba tare da ka cuci kowa ba. Kuma abin sha'awa, motocin manyanmu suna da duk wannan fasaha, domin ba sa sayen ƙaramin abu da dukiyar da muka ba su amana. Sai dai fitilar da ke sunkuyar da kai ba ta dace da matsayinsu ba. Ina amfanin girma idan motarka za ta rusuna wa mai babur? Don haka ake kai ta wurin irin su Walƙiya a ɗora mata sandar fitilu a ka, wadda ba ta san kowa ba.

Ku lura ma da fuskokin motocin. Na dā idanunsu zagaye ne, kamar na ɗan maraƙi, kana ganinsu ka ji kamar ka gaishe su. Na yanzu an tsuke musu ido an ɗage gira, kamar shugaban da aka tambaya ina aka kai batira. Kuma tsayin fitila ya zama ma'aunin daraja. Mai jif yana haska fuskar mai ƙaramar mota. Mai ƙaramar mota ya je ya sayo Rana-Tsaka ya huce a kan mai babur. Mai babur ya ɗaura farar fitila a kan madugadi ya huce a kan mai keke. Mai keke ba shi da wanda zai huce a kansa, sai rami. Da turakun nan suna ci, da babu wanda zai buƙaci wannan yaƙin, domin a titi mai haske ƙaramar wuta ta ishi kowa. Amma an bar mu a duhu, kowa ya zama gwamnatin kansa, kuma mun yi koyi da wadda muka sani: haske a wurina, duhu a wurinka.

Mai keken da na ambata ba misali ba ne. Mahaifina ne.

Baba ma'aikacin gidan burodi ne tun kafin a haife ni. Aikinsu na dare ne, don haka kullum da almuru yake hawa kekensa ya fita, daidai lokacin da ni kuma nake dawowa. A kan titin nan muke haɗuwa, yana can hannun, ina nan hannun, kusa da wata kwalbati da gefenta ya rufta tun damina biyu ko uku da suka wuce. Yakan kaɗa mini ƙararrawa, ni kuma in ɗan taɓa oda. Yanar ido ta fara rufe masa gani. A asibiti an ce akwai na'urar aikin, sabuwa fil, ana jiran ranar ƙaddamar da ita. Na yi na yi ya bar keken in riƙa kai shi, ya ce ranar da ya fara jiran mota ranar ya tsufa.

Da safen nan ina zaune a ƙofar ɗaki da kwalin a gefena sai ga shi ya shigo, yana tura keken, da ƙamshin burodi a jikin rigarsa. Na gaishe shi, na karɓi keken na jingine.

“Injiniya,” haka yake kirana idan yana son tsokana, “an ce ka je gaida turken gwamnati.”

“Wa ya gaya maka, Baba?”

“Masu ɗaukar burodi. Sun ce ya amsa, har da rusunawa.”

Inna ta leƙo daga kicin ta harare ni, kamar ni na aika musu. Baba ya zauna a kan benci yana cire takalmi. Na daɗe ina son yi masa wata tambaya, sai yau na samu bakin yi.

“Baba, idan motocin nan suka dallare ka da fitila, yaya kake yi?”

“Rufe ido nake yi.”

“A kan keke?”

“To buɗewar me za ta ƙara mini? Kamar an watsa mini fulawa a fuska ne. Sai in riƙe kan keken da kyau, in daina taka feda, in yi ta addu'a har su wuce.”

“Ramin kwalbatin nan fa?”

“Ai nan ne kake zuwa.” Ya faɗa kamar abin da kowa ya sani. “Motarka ce kaɗai mai kunya a titin nan. Tana tahowa kanta a ƙasa, ba ta kallon idon mutum. Sai ta shimfiɗa hasken a kan kwalta, in ga bakin ramin, in kauce. Shi ya sa nake daidaita fitata da dawowarka. Kai kana zaton gaisuwa ce nake kaɗa maka ƙararrawa?”

Wallahi haka nake zato.

“Kwana biyun nan da ban zo ba fa?”

“Shekaranjiya sauka na yi na tura. Jiya na ce ai na haddace wurin.” Ya ɗage ƙafar wandonsa. Ƙaurinsa ya kuje tun daga ƙasan gwiwa, jinin ya bushe, fulawa ta manne a kai. “Tayar gaba ce ta leƙa. Ba wani abu ba ne. Wani yaro mai farar fitila ne, shi ma na san ba da gangan ya yi ba, gani yake nema.”

Sai idonsa ya kai kan kwalin. Ya ɗauka, ya matso da shi kusa da fuska, ya nisanta shi, yana ƙoƙarin ganin zanen.

“Wannan fa, na mene ne?”

Na dubi Inna. Ita ba ni take kallo ba, ƙafar Baba take kallo.

“Kayan gyara ne, Baba,” na ce. “Ba su dace da motar ba. Mayarwa zan yi.”

Inna ta koma kicin ta ɗora ruwan zafi, ta fito da tsumma mai tsabta. Da ta zo wucewa ta gabana ta ce, ba tare da ta tsaya ba, “Ka dai riƙa tafiya a hankali.”

Walƙiya bai ji daɗin ganina da kwalin ba. Ya juya shi a hannu, ya tabbatar ban buɗe ba.

“Malam, ladabi zai kashe ka.”

“Ba ni irin nata na asali, masu rawaya, da gilashi. Sannan akwai ƙaramar jar fitila ta bayan keke?”

“Keke kuma? Daga Rana-Tsaka ka dawo keke? Kai ci baya kake yi, kamar wutar gari.”

Ya kawo, ya ɗaura, yana mita. Na ƙara da wata 'yar fitila ta gaban keke da leda mai ƙyalli ta mannawa a feda, na biya gida na ɗaura su duka a keken Baba kafin in wuce makaranta. Da la'asar sakaliya, bayan an tashi ɗalibai, na kai motar bayan ajinmu inda inuwa ta sauka, na fuskantar da ita ga bango. Na ɗauko alli na ja layi daidai tsayin fitilun, na ja motar baya, na kunna. Ɗaya na kallon sama kaɗan, kamar ta fara sha'awar muƙami. Na sa sukurdireba na murɗa ta sannu a hankali har kan hasken ya sauko ƙasa da layin, ya daidaita da 'yar'uwarta. Babu rumfa, babu ƙyalle, babu wanda ya tafa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tsoro bai bar ni ba. A hanyar dawowa an dallare ni har sau ban san iyaka ba, kuma kowane lokaci sai na rage gudu kamar mai bin gawa, na kafa ido a gefen kwalta, na bar masu gaggawa su wuce suna zagina da oda. Mai yiwuwa Inna ce ke da gaskiya. Mai yiwuwa wata rana wani turken zai sake tare ni. Amma da na iso kusa da kwalbatin, na hango wata 'yar fitila tana tahowa a hankali a ɗaya hannun, fedoji biyu na ƙyalli suna hawa suna sauka. Hasken motata ya kwanta a kan titi, baƙin bakin ramin ya fito sarai. Keken ya karkata, ya wuce shi. Na ji ƙararrawa. Na duba madubi, na ga ɗan jan haske yana tafiya har ya sha kwanar gidan burodi.

Turken nan kuwa yana nan a rusune, yana jiran rahoton kwamiti. Ina roƙon kada a miƙe shi, domin shi ne kaɗai kayan hukuma da na taɓa gani ya sunkuya wa masu wucewa. Sannan don Allah, mai karatu, abin da na gaya maka game da jar fitilar keken Baba ya tsaya tsakaninmu. Ita ce kaɗai fitilar da ke ci a gefen titin nan, kuma idan labari ya kai kunnen Ma'abocin Almakashi, ina tsoron kada ya zo ya ƙaddamar da ita.